Tsatsa a Jikin Gimbiya

Litinin, 6 ga Janairu

Shugaba ya sa rana. 20 ga Fabrairu kwamiti zai zauna, a ba Gimbiya izinin fita hannun manoma. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina renon alkamar nan a cibiyarmu ta binciken noma. A takarda sunanta Lamba 63. Ma'aikatan fili ne suka laƙaba mata Gimbiya, wai don ciwon tsatsa bai taɓa yi wa ganyenta ko ɗigo ɗaya ba, alhali sauran alkamar da ke gefenta sai su yi jawur kamar an watsa musu garin bulo.

Ya ce in rubuta bayani shafi biyu, "wanda kowa zai gane, ban da manyan kalmominku na ɗakin gwaji." Na zauna gaban takarda har shayina ya huce. Bari in gwada a nan, inda ba mai gyara min.

Iska ce ke ɗauko ƙurar ciwon ta sauke a ganye. In ya samu raɓa sai ya huda ya shiga, ya dinga shanye abincin da ya kamata ya tafi zangarniya. Ita Gimbiya ta gaji wata ƙwayar halitta guda ɗaya daga alkamar daji, ni na haɗa auren da hannuna. Aikin maigadi ƙwayar nan take yi, ta san fuskar ɓarawon. Da ya taɓa ganye za ta gane shi, sai ganyen ya busar da ɗan wurin da kansa, ciwon ya rasa abin ci ya mutu. Iyakar labarin ke nan.

Maigadin dai ɗaya ne tal. Wannan ba sai na sa a shafi biyun ba, ai kowa ya sani.

Alhamis, 9 ga Janairu

Zagayen safe da Baba Fangali, shugaban ma'aikatan fili. Shekara talatin yana tsakanin fangulan ban-ruwa har sunan ya bi shi, ban jin matarsa ma tana tuna na yanka.

Shi ya koya min tuge gyauro tun ina sabuwar zuwa. A filin da ake yawaita iri, duk tsiron da bai yi kama da 'yan uwansa ba, ya fi su tsawo ne, ko launinsa daban, ko ciwo ya kama shi, to bare ne. Ko ragowar shukar bara ce ta tsiro, ko injin sussuka ya haɗo ƙwayar wata. A tuge, a kai rami, a ƙone. Ba a rubutawa, wa zai tsaya rubuta ciyawa? Haka ake yi, haka ake samun iri mai tsabta.

Yau huɗu muka tuge a fangali na tara, duka da tsatsa a ƙarƙashin ganye. Baba ya riƙe ɗaya yana jujjuyawa, ya ce, "Dakta, gyauron nan dai kamarsu ɗaya da Gimbiya." Na ce idonsa ne ya fara neman hutu, in kai shi a yanka masa tabarau. Ya yi dariya. Amma bai rama ba, shi da ba a tsokanarsa ya bari.

Asabar, 11 ga Janairu

Yaya ya kira, baki har kunne, ta waya ma ana ji. "Auta, alkamarki ta rufe ƙasa, ko kaza ta shiga ba za ki gan ta ba."

Wannan littafin kaɗai ya san wannan. Shekara uku da suka wuce na auna masa kwano biyu na Gimbiya na kai masa a jakar hannuna. Doka ta hana irin gwaji ya fita kafin kwamiti, na sani sarai. Amma shekarar ce tsatsa ta cinye masa rabin gona, na gan shi zaune bakin rijiya yana murza zangarniya ba komai a ciki. Na ce ya shuka a lungu ya yi shiru da bakinsa. Shirun Yaya! Ya yawaita, ya ba wannan, ya ba wancan. Bana gonarsa kaf Gimbiya ce, ga maƙwabta goma sha ɗaya su ma. Tsohon irinsa kuwa ya kai inji an niƙe, ni na ce masa ba shi da sauran amfani.

Inna ce kawai ta ƙi. Tana da ɗan fangalinta bayan rijiya, irin da ta taso ta tarar. Ta ce ita ba ta yarda da abin da bai taɓa rashin lafiya ba. Muka yi ta yi mata dariya, har da ni.

Talata, 14 ga Janairu

Gyauro bakwai yau. Raɓa ta yi yawa kwanan nan, ga ɗumi-ɗumi da safe, irin yanayin da ciwon yake so.

Da na dawo ofis na tarar da babban ambulan a kan tebur, ba rubutu. Na buɗe: tsiro ɗaya har da saiwarsa, an naɗe da jarida. Ashe Baba shida ya kai rami.

Laraba, 15 ga Janairu

Na ɗora wa ambulan ɗin fayil uku. Yana nan dai.

Juma'a, 17 ga Janairu

Na kai wa Mai Tabarau. Ita ke kula da ɗakin gwajin ƙwayoyin halitta, tare muka fara aiki, ta san ni kamar tafin hannunta, abin da ya sa nake gudunta wani lokacin. Na ajiye mata ina kallon taga, na ce ta duba min gyauron nan in san ta inda yake shigo mana, wataƙila injin sussuka ne ba a wankewa da kyau.

Ta sauke tabarau kan hanci ta dube ni ta samansa. "Gyauro kike so in duba?"

Na ce eh mana.

Ta ce to. Ta yanki ganye da almakashi, ta ce in dawo Laraba. Ko labarin jikarta ba ta ba ni ba yau, ita da sai na gudu take bari.

Laraba, 22 ga Janairu

Ba gyauro ba ne.

Ta nuna min hoton gwajin. Layin Gimbiya, layin tsiron Baba, ba bambanci ko na gashi ɗaya. Ƙwayar da nake tutiya da ita tana nan a jikinsa lafiya lau. Ta ce, "Ƙawata, maigadinki na bakin ƙofa, idonsa biyu. Ɓarawon ne ya sake fuska."

Na ce tsiro ɗaya ba hujja ba ce. Kowace shekara ina fesa wa Gimbiya ƙurar ciwon a gidan gilashi, kowace shekara tana fita tas. Ta ce wace ƙurar? Na ce ta firji mana. Ban rufe baki ba na ji abin da na faɗa. Ƙurar firji ni na karkaɗo ta daga gona shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Muna sabunta ta a ɗaki a kulle, muna mayarwa cikin kwalba. Wato duk shekara tsohon ɓarawo nake kawo wa maigadi, ya kama shi, in tafa masa. Na waje kuwa yana can yana haihuwa dubu-dubai a kowace safiya, a cikinsu ɗaya ya isa ya fito ba tare da alamar da ake gane shi da ita ba.

Ta ce, "Shekara nawa kina tugewa?"

Na ce ban ƙirga ba. Wa ke ƙirga gyauro?

Mun shirya gwaji. Tire biyu na Gimbiya, ɗaya a shafa masa ƙurar firji, ɗaya ƙurar fangali na tara. Na shuka da la'asar. Kwana goma su kai a shafa, sai wajen kwana goma sha biyu kuma ciwon ya nuna. Na roƙe ta kada ta gaya wa Shugaba sai mun gani. Ta daɗe tana goge tabarau da gefen mayafi, sannan ta ce har ranar da tire ya yi magana, ba ta ƙara min ko wuni ɗaya.

Maganar Yaya ban gaya mata ba.

Litinin, 27 ga Janairu

Sun tsiro. Kore shar, duka biyun, kamar ba abin da ya dame su.

Alhamis, 30 ga Janairu

Shugaba ya ja ni sito in ga buhuna. An jera irin Gimbiya har kusa da rufi, an buga hoton zangarniya a kowane buhu, ƙarƙashinsa an rubuta BA TA TSATSA da jan fenti. Ya ce ranar ni zan tsaya a gaba, shi a bayana, don ni na sha ranar. Mutumin kirki ne, shi ya sa abin ya fi ciwo. Na ce Allah ya kai mu. Murya ta fito min kamar ta wata.

Mai hoto ya ce in dafa buhu in yi murmushi. Na dafa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na shafa. Ni kaɗai, ba kowa a cibiya sai masu ban-ruwa. Ƙurar firji a ɗakin hagu: na gauraya da farar hoda, na bi ganye ɗaya-ɗaya da ɗan buroshi, na fesa ruwa, na rufe da leda. Na fita na wanke hannu har gwiwa, na sake riga, na sake takalmi, sannan na shiga ɗakin dama da ƙurar fangali na tara.

A ido ba ka bambance su. Launi ɗaya, laushi ɗaya. Na tsaya ina kallon ɗan abin da ya maƙale a bakin buroshi, bai kai ƙwayar gishiri ba.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Gyauro goma sha tara, kuma ba a fangali na tara kaɗai ba, har na goma da na sha biyu. Baba ya tsaya ya zuba hannu a baya, ya ce, "A tuge, Dakta?" Bai taɓa tambayata ba, tugewa kawai yake yi.

Na ce a tuge. Da bakina. Na ce ai ko ba komai zai rage yaɗuwa, kuma gaskiya ne. Littafin fili yana hammatata, ban buɗe ba. Ya kalli littafin, ya kalle ni, ya sunkuya.

Hayaƙin ramin har ofis yau.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Ni na kira Yaya. Gaisuwa, lafiyar Inna, ƙafarta da sauƙi. Alkama ta fara fitar da kai, ya ce in zo in gani kafin a ce ya cika baki. Sai na sako maganar kamar wasa, na ce yana dai ɗaga ganye yana duba ƙarƙashi ko?

Ya kwashe da dariya. "Auta, ba ke kika ce mu daina wahalar da ƙugunmu ba? Ni injin feshina ma ban san inda yake ba, ina jin beraye sun cinye robar."

A nan ya kamata in ce masa ya nemo injin, ya nemo magani, ya fesa gobe da sassafe. Kalma nawa ce? Feshi yana aiki ne in an yi shi da wuri, kafin ciwon ya hau ganyen sama, ni nake koyar da wannan. Amma in Yaya ya goya injin feshi ya shiga gonar Gimbiya, mutum goma sha ɗaya za su tambaye shi dalili, kafin Juma'a magana ta iso cibiya: Gimbiya tana tsatsa, kuma Dakta ce ta fitar da ita ta bayan gida. Na ce wa raina ai ban tabbatar ba tukuna. Kada in tayar wa mutane da hankali a banza. Kwana takwas ne kawai.

Na ce ya gaida Inna. Ina jin tsoro, gara in rubuta shi a fili. Kuma ban san wanne na fi tsoro ba, gonarsa ko sunana.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kwana bakwai. Fararen ɗigo-ɗigo sun fito a tire biyun. Haka ake farawa ko da ganye zai yi nasara, don haka ba a san komai ba tukuna. Na je sau huɗu. Mai shara ta tambaye ni ko na yar da wani abu ne.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na hagu sun bushe, sun koma 'yan tabo ƙanana kamar tsinin allura. Maigadi ya yi aikinsa.

Na dama sun kumbura.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Sun fashe. Na shafa yatsa a ganye ɗaya, ya fito ja. Tsiro arba'in a tiren dama, ba wanda ya tsira. Mai Tabarau ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana rubutawa, ba ta ce ai na gaya miki ba. Da ta faɗa ma da na samu wanda zan yi wa faɗa. Da ta gama ta dafa kafaɗata ta ce gobe da safe, ko in shiga wurin Shugaba da ƙafata ko mu shiga tare.

Daga nan na fita bayan gidan gilashi na kira Yaya. Na ce ya ajiye duk abin da yake yi ya shiga gona, tsakiya ba gefe ba, ya ɗaga ganyen ƙasa. Ina jin takunsa, ina jin alkama tana shafar wandonsa. Sai takun ya tsaya.

Na ce Yaya?

Ya ce, "Akwai."

Na ce da yawa? Ya ce duk wanda ya ɗaga. Na shiga zuba masa bayani, sunan magani, awo nawa a tanki, ya gaya wa sauran yau ba gobe ba, ni ma ina tafe da abin da zan iya samu. Ya bar ni har na gaji. Sannan ya ce, "Tun yaushe kika sani?"

Na ce yau aka tabbatar.

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Shi ya kashe wayar.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Da ƙafata na shiga. Shugaba ya karanta takardar Mai Tabarau sau biyu, ya tashi ya rufe ƙofa. Abin da ya fara cewa shi ne gidan gilashi daban, fili daban, wataƙila a gonar manomi ba zai yi wannan ƙarfin ba. Ban ga laifinsa ba, ni ma na kwana uku ina gaya wa kaina haka. Sai na ce masa an riga an gwada a gonar manomi. Gona goma sha biyu. Na gaya masa kwano biyun, na gaya masa jakar hannu.

Ya cire hula ya ajiye kan tebur. Ban taɓa ganin kansa ba sai yau, ashe duk furfura ce.

Bai yi faɗa ba. Ya ce maganata ni da doka tana nan tafe, ba yau ba. Yau abin da yake so ya sani shi ne yaushe sabon ciwon ya fara bayyana a filinmu, don a san nisan da iska ta riga ta kai shi, a san waɗanda za a gargaɗa. Ya ce in kawo littafin fili. Na kawo. Ya buɗe shekara huɗu baya, shafi bayan shafi, gurbin tsatsa na Lamba 63: sifili, sifili, sifili, da rubutuna mai kyau. Ya ce to ina tsiron da suka kamu? Na ce muna tugewa. Ya ce guda nawa, yaushe? Na ce ba a rubuta gyauro, ranka ya daɗe.

Ya rufe littafin a hankali, ya miƙo min da hannu biyu.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Na je gida. Awa uku a mota, galan huɗu na magani da injin feshi biyu da Shugaba ya sa hannu aka ba ni aro.

Daga titi gonar kore ce, har zuciyata ta fara yi min ƙarya. Na shiga. Taku ashirin na duba bakin zanina, ya rine ja har ƙauri. Ciwon ya bar ganyen ƙasa ya hau na tsakiya, a kwarin da ruwa ke kwanciya kuwa har ganyen sama, wanda shi ke cika zangarniya. Da an fesa ranar 5 ga wata, da ganyen saman nan tas yake. Na iya wannan lissafin, da ma ban iya ba.

Maƙwabtan suna tsaye a kan iyaka. Suka gaishe ni da ladabi, an zo lafiya, ya hanya, ya aiki. Ba wanda ya ɗaga murya. Wani dattijo a cikinsu ya ce shi dai tambaya ɗaya gare shi, irin da ya ware don baɗi, ya ajiye ko ya niƙe? Na ce ya niƙe. Ya ce to me zai shuka? Na ce za mu duba. Ya gyaɗa kai kamar na ba shi amsa.

Yaya ya karɓi injin, ya gwada famfon, ya ce, "An gode, Dakta." Tun da aka haife ni bai taɓa kirana da wani suna ba sai Auta. Ya goya tanki ya shiga gona, ban sake ganin fuskarsa ba har na taho.

Inna na zaune bakin fangalinta bayan rijiya, ta miƙe ƙafar nan mai ciwo. Na durƙusa na gaishe ta, idona na kan alkamar. Tsayinta ba ɗaya ba, wata doguwa wata gajera, irin da zan tuge rabinsa a zagaye ɗaya. Kowane ganye da tabon tsatsa, amma ƙanana, jefi-jefi, kamar ciwon ya shiga ya rasa ƙarfin yaɗuwa. Na murza zangarniya ɗaya, tana cika. Taku goma tsakaninta da Gimbiya, iska ɗaya, raɓa ɗaya.

Na san sunan wannan a littafi. Ba maigadi ɗaya gare ta ba, ƙananan ƙwayoyi ne da yawa, kowace tana rage wa ciwon gudu kaɗan, ba wadda ta dogara da gane fuska. Na karanta, na ci jarrabawa a kai. Na dai raina shi, don ba ya ba da ganye mai tsabta, ni kuwa sifili nake so a littafina.

Inna ta ce, "Tawa duk shekara sai ta yi ɗan tarinta. Ba ta dai kwanciya." Ba da gatse ta faɗa ba. Sai ta ce in tashi daga ƙasa, in je in ci abinci, na rame.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Kwamiti ya zauna minti arba'in. Ni na tsaya a gaba, kamar yadda aka yi min alkawari. An janye Lamba 63. Buhunan sito za a kai inji. An sa mutum biyu su bi su da baƙin fenti suna shafe rubutun.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Mai Tabarau ta bi sauran layukan, wato sababbin irin alkamar da muke shirin fitarwa nan da shekara biyu zuwa uku. Biyar ne. Huɗu maigadinsu ɗaya da na Gimbiya, don duk wanda ya zo neman iyayen haɗi ni nake cewa ga wadda ba ta tsatsa, ɗauki. Har wasu cibiyoyin na aika wa. Yau na wuni ina rubuta musu wasiƙa.

An bugo daga wata gona can gabas da mu, tafiyar rabin wuni, wai sun ga ja a ganye. Ba Gimbiya suka shuka ba, amma jikarta ce ta wajen uwa. Iska kwana uku ke nan ba ta sauya hanya ba.

Matar Yaya ce ta ɗauki wayarsa. Ta ce yana gona. Ta ce alkamar kan tudu da alama za a samu wani abu, ta kwari kuwa in ka murza ƙwayar a motse take, ba nauyi. Biyu daga cikin maƙwabtan sun daina zuwa zaman ƙofar gida. Na ce ta ce masa na kira. Ta ce za ta faɗa.

Litinin, 3 ga Maris

Direban motar kasuwa ya kawo min saƙo ofis: gwangwanin madara, an ɗaure bakinsa da tsumma. Irin Inna ne, ragowar na bara da ta ɓoye a ƙarƙashin gado. Ba wasiƙa. Rubutun da ke jikin murfin dai na Yaya ne, sunan cibiya kawai ya sa. Na ba Mai Tabarau ƙwaya hamsin, sauran na kulle a durowa.

Da safe ban bi ta filin Gimbiya ba, ba abin gani. Na ce wa Baba mu je can ƙarshen fili, inda muke zuba layukan da na ƙi, waɗanda ake bari don kawai ƙasa kada ta zauna haka. Na yayyaga wani tsohon jan ƙyalle na tafi da shi. Yawancinsu sun ƙone. Amma akwai 'yan layuka a tsaye, ganye da tabo jefi-jefi, kai a cike. Na ɗaura wa goma sha huɗu. Sau biyu hannuna ya kai gindin tsiro da kansa kafin in tuna abin da ya kawo ni.

Baba ya ce, "Wannan ai da tabo, Dakta." Na ce na gani, Baba, idona bai fara neman hutu ba. Ya yi dariya har da tari. Ba wani abu ba ne, gwaji ne kawai, shekara goma kuma in da rai. Ban ce na sauya ra'ayi ba.

Da rana na buɗe littafin fili, don Shugaba ya ce in rubuta ko da kintace ne, duk abin da zan iya tunawa na tsiron da muka ƙone. Na ce masa ba na jin zan tuna komai. Na ja layi a gefen sifilin, na ɗora biro. Bara goma sha ɗaya, takwas a fangali na tara, uku a na huɗu. Bara waccan biyar. Kafin ita uku. Kafin ita biyu, dab da bakin magudanar ruwa, ranar wata Talata, ina sanye da shuɗin takalmin roba. Biron bai tsaya ko sau ɗaya ba.

Ni da na gaya wa Mai Tabarau ban ƙirga ba.

Biyun farkon nan, na duba kwanan wata. Shekara guda cur kafin in auna wa Yaya kwano biyu.